Za Mu Kashe Ki Rabi

Unguwar Briketeri, Yawunde

Zuwa ga Goggo Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kin isa Ngaundere lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya yara, Fatiha da Rilwanu?

Goggo, ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san wannan ba maganar yara ba ce, kuma a gabanki bakina ba ya wuce gaisuwa. Don Allah Fatiha ta karanta miki, kada a ba Rilwanu.

Tun ranar da kika fito daga asibiti kika zarce tashar jirgin ƙasa, Baba ba shi da sukuni. Yana cewa yayarsa ɗaya tak a duniya, ga jini yana ta zubar miki, in ya kira ki sai ki ce salla za ki yi. Inna ce ta gaya mini abin da ya kore ki: Malam Sali, mai allurar barci, ya dube ki ya ce za su kashe ki rabi kafin a cire ƙarin mahaifar.

Ran Laraba da muka tashi daga makarantarmu ta lise, na roƙi Inna ta raka ni wurinsa. Na tambaye shi da Faransanci. Goggo, Bafulatanin Marwa ne, a kasuwa ya tsinci Hausarsa. Allura yake nufi, ta gadon baya. Daga ƙugu zuwa ƙafa za ki daina jin zafi na ɗan lokaci, sama kuwa idonki biyu. Da na fassara masa abin da ya faɗa miki, sai ya dafe kai, ya ce ashe shi ya sa bara wata ta ce za ta kama ruwa, har yau ba ta dawo ba.

Tun kina nan gidanmu na ji kina gaya wa Inna tsoronki: kada a sa ki barci ki wuce babu kalmar shahada a bakinki. Na tambaya. Ya ce ki yi ta zikirinki har a gama. Likita kuma ya ce niyyarsa ya cire ƙarin ya bar mahaifa, amma sai ya gani da idonsa. Ban so in ɓoye miki wannan ba.

Takalmanki na ɗaka suna nan bayan ƙofa. Inna ta hana a taɓa su.

’Yarki,
Mu'mina

Zuwa ga Goggo Hansai,

Assalamu alaikum. Yaya gajiyar hanya? Yaya ɗinkin? Fatiha ta ce kin fara zagaya tsakar gida. Don Allah kada ki ɗaga bokiti tukuna, kuma ki riƙa shan maganin ƙarin jinin ko da ba ki son warinsa.

Tun da kika koma gida bayan aikin, ɗakin ya yi mini faɗi. Har yanzu ina tuna yadda aka turo ki kan gado kina motsa leɓe, yatsunki na ja babu carbi, kika ce da Baba ya daina kuka a gaban mutane, rabin da suka kashe ya kusa tashi. Ba ki yarda kin kalli abin da aka ciro ba. Ni na leƙa. Ya kai mangwaro. Likita ya sake gaya wa Inna cewa mahaifa tana nan lafiya.

Ga labarin da ba ki sani ba. Darasin da kika ba Malam Sali kina kwance ya kama. Anti Maijidda, mai ɗinkin nan ta layinmu, ta daɗe tana ɓoye irin ciwonki a ƙarƙashin babban mayafi. Da ta ga kin fito da ƙafarki, ita ma ta je asibitin. Ta dawo tana dariya, wai Malam Sali ya ce mata ƙafafunta ne za su yi barci, ita kuwa ta tsaya gadi. Ya ce a gaida malamarsa, kuma har yanzu yana jiran kilishin da kika ce ba za ki ba shi ba sai ya daina ce wa mace “kai” maimakon “ke”.

Baba ya koma cin tuwo har da ƙari. Wannan ƙarin Inna ba ta kai shi asibiti ba.

Goggo, Fatiha ta gaya mini kin sa ta karanta miki takardata ta farko har ta haddace. Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Yanzu babu ciwo, babu abin fassarawa, ba ni da dalili. Duk da haka, in kin yarda, zan so in sake rubuto miki. Kin ba ni izini?

’Yarki mai gaishe ki,
Mu'mina