Takardar Zaɓenka Tana Hannuna

Zuwa ga ɗana Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da zaman Ikko. Mu nan Yargoje lafiya lau, sai Malam babanka da ƙafarsa ta sake kumbura.

Ran Talata wasiƙa ta zo daga jami'arku, don har yanzu adireshin gida gare su. Na wuni ina haɗa baƙi har na gane takardar zaɓe ce. Ku tsofaffin ɗalibai za ku zaɓi wanda zai zauna muku a majalisar da ke gudanar da jami'ar.

Washegari sai ga Baffanka Alhaji Ilu a sabuwar motarsa. Ya ce, "Yaya, kawo takardar nan, ta banza ce." Ashe har Faskari da Sabuwa ya bi gidaje yana karɓe irinta, ana cike wa ubangidansa, wani ɗan kwangila mai neman kujerar. Na ce, "Alhaji, sunan wa ke bisa?" Ya yi dariya, wai karatun yaƙi da jahilci ya hau mini kai. Na karanta masa layin farko mai ɗauke da sunanka da ƙarfi, dariyar ta tsaya.

Ya daina gaishe ni. Malam ma ya ce in bayar a zauna lafiya. Hankalina bai kwanta ba, amma ba ni bayarwa. Kai ka yi karatun nan, kai za ka zaɓa.

An ce a mayar kafin ƙarshen wata. In aiko maka, ko za ka zo? Ka ba ni amsa kafin Juma'a ta sama. Ka sa mu a addu'a, ka gai da matarka Hajara.

Mahaifiyarka,
Hauwa