Wasiƙar da Ta Kwana Shida a Gafaka

Dayi, farkon Sha'aban, 1288

Daga Sakinatu zuwa ga yayana Malam Maitama a Malumfashi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Inno tana sa maka albarka, mijina Sabo da 'yarmu Hajo suna gaishe ka.

Bayan haka, Yaya, mun ji an ɗora ka kan duba wasiƙun jama'a. Allah ya taya ka riƙo. Sai dai akwai abin da ya hana ni sukuni. Ranar Laraba dogarai suka zo suka karɓe gangar Labo, Bamagujen nan da gidansa ke kan tudu a yammacin gonarmu. Suka ce wai da ganga ake yi wa mahara ishara. Kai ma ka san ba haka ba ne. Tun muna yara, in Labo ya hango ƙurar dawakai sai ya buga, Maguzawan gaba su karɓa, kafin a jima kowa ya bar gona ya shige ganuwa. Ga yankan dawa ya kusa, mutane za su wuni a daji. Don Allah ka yi magana a fada a mayar masa da ita.

Wassalam.

Malumfashi, 9 ga Sha'aban

Daga Maitama ɗan Malam Ummaru zuwa ga ƙanwata Sakinatu. Aminci ya tabbata a gare ku. A gaishe da Inno, a roƙa mini addu'arta.

Bayan haka, takardarki ta iso. Ki sani dokar ba a banza aka kafa ta ba. Bara an kama wani manzo ɗauke da takarda zuwa ga mahara, tana bayyana hanyar da ayari zai bi. Shi ya sa hakimi ya ce daga Funtua har Dayi, babu wasiƙar da za ta wuce sai ta biyo zaurena, na karanta na buga mata hatimi. Wadda ta ambaci mahara ko makamai kuwa, hakimi kaɗai ke da ikon sakin ta. Ganga da ƙaho duk an hana.

Zancen Labo ba hurumina ba ne, kuma ban yi wata guda a aikin ba. Ki yi haƙuri zuwa bayan salla. Hukuma tana ganin abin da ba mu gani. Allah ya tsare ku.

Haza wassalamu.

Dayi, 27 ga Sha'aban

Yaya, ina gaisuwa.

Na san labari ya riske ka, amma ina so ka ji daga hannuna. Ranar Litinin da hantsi mahara suka faɗo mana. Sabo yana gona yana ɗaure dami, Hajo ta kai masa fura. Labo ya hango su tun daga nesa. Ya hau rumbu yana kururuwa yana buga ƙwarya da sanda, amma muryar tsoho ba ta wuce gona biyu ba. Mutum goma sha ɗaya aka kashe, Sabo yana cikinsu. A bakin rafi muka same shi, da alama bin su ya yi. Hajo kuwa sun tafi da ita tare da sauran mata da yara. Ƙwaryar furar kawai na samo.

Jiya Rabe, bafataken Tsiga abokin Sabo, ya zo ta'aziyya. Da ya gan ni sai ya kasa zama. Ya ce a hanyarsa ta dawowa ya ga sansaninsu a dajin yamma, har ya ji gonakin Dayi suka nufa. Ƙafarsa ta kumbura, bai iya tahowa ba, sai ya sa aka rubuta wa Sabo takarda kwana shida kafin abin ya faru. Ya ba manzo, manzo ya ce dole ya biya da ita Malumfashi saboda hatimi.

Na ce masa wataƙila ta ɓace a hanya. Ya sunkuyar da kai, ya ce: "Manzon ya rantse mini a hannun Malam ya ba da ita."

Ban yarda ba tukuna. Ka gaya mini da kanka, Yaya. Ta zo hannunka?

Sakinatu.

Malumfashi, 2 ga Ramadan

Zuwa ga Sakinatu. Allah ya jiƙan Sabo, ya ba ki haƙuri.

Ta zo hannuna, ranar Talata bayan azahar. Na karanta ta sau uku. Na ga sunan Sabo, na ga sunan Dayi. Na tashi na tafi fada, na tarar hakimi ya yi tafiya Katsina. Na nuna wa wakilinsa, na roƙe shi a tura mutum ko da baki ne ya faɗa. Ya ce irin wannan takarda ce mahara ke aikowa don a kwashe dakaru zuwa wani gari su kuma su faɗa wa wani. Na ce ƙanwata tana can. Sai ya dube ni ya ce: "To, ka ga dalilin da ya sa bai kamata a ce kai ne ka sake ta ba."

Na dawo na sa ta a gafaka. Dayi tafiyar rabin wuni ce, na sani. Da na fita da asuba, da na iske ku kafin azahar. Amma Malam Shitu, wanda na gada, an yi masa bulala a kasuwa an kore shi daga gari don ya saki takarda guda ba izini. Kullum sai in ce gobe hakimi zai dawo. Haka na yi ta faɗa har Litinin. Tsoro ne kawai, Sakinatu, ba ni da wata hujja.

Hakimi ya dawo jiya. An yi shawara, an ce harin ya nuna akwai 'yan leƙen asiri a ƙauyuka, saboda haka an ƙara tsananta dokar, kuma an aika a kamo Labo don an gan shi bisa rumbu yana ɗaga sanda. Na yi magana a kansa, ba wanda ya saurare ni. Na nemi a sauke ni daga aikin, an ƙi.

Ina so in zo in durƙusa gabanki da gaban Inno, in kin yarda.

Yayanki mai laifi, Maitama.

Dayi, 8 ga Ramadan

Yaya, na karanta.

Kada ka zo yanzu. Inno ba ta sani ba, kullum tana maka addu'a, ni kuma ba zan iya zama ɗaki ɗaya da kai in yi shiru ba.

Kada kuma ka bar aikin. Wasiƙun fatake duk ta hannunka suke bi. Hajo shekararta tara, tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, kuma tana in'ina in ta tsorata. In ka ga an ambaci yarinya irin wannan a kowace kasuwa, kada ka jira hakimi.

Sakinatu.