Na Ƙi Rantsuwa, Ta Ƙi Dawowa

Haja Rahmatu, salamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, gidana ya koma daga ni sai murhu. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na bar makaranta, kuma malaman ba su yi kukan rabuwa da ni ba.

Ni mai agashe ne a Umbadda ta Umdurman, nan Sudan, tsiren nan namu da Larabawa ke ci suna hawaye suna neman ƙari. Matata Khadiga, 'ya'yanmu biyu: Muntasir mai shekara sha uku da Arwa mai tara. Yau kwana sha ɗaya ke nan da Khadiga ta kwashe su ta tafi gidan yayanta Lawal a Hajj Yusuf, ta sa kogi tsakanina da su. Ta ce ba za ta dawo ba sai na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan ƙara barin yaro ya fita shi kaɗai ba. Ni kuwa na ce ba zan rantse ba, ko da zan ƙare rayuwata ina wanke jallabiyata da kaina, aikin da na gano ban iya ba.

Lokacin da nake kamar Muntasir, babu lungun Umdurman da ƙafata ba ta sani ba. In na sha shayin safe, sai magariba a sake ganina. Mu je Abu Rof iyo, mu maƙale a bayan lori har kasuwar raƙuma, ran Juma'a mu tafi Hamad an-Nil kallon masu zikiri. Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta neman inda nake. In ta ga tukunya ta ragu ta san ina raye. Abu ɗaya mahaifina, Malam Badaru, ya koya mini: in ka ɓata, nemi mai gyaɗa ko mai godo-godo, kunun geron nan mai nono, a bakin titi, matan nan namu ne, ka gaishe ta da Hausa ka faɗi sunan gidanku. Kafin ka rufe baki ta san uwarka, ta san ma wanda ya ɗaura mata aure.

Muntasir kuwa ya san 'yan ƙwallon duniya kaf, amma bai san unguwa ta nawa muke a Umbadda ba. In ya je sayen burodi, gidan burodin da ake hangowa daga ƙofarmu, uwarsa sai ta kira shi a waya sau biyu.

Ban ce ba ta da dalili ba. Ranar da muka gudu daga yaƙi, a turmutsitsin tasha, hannun yaron ya kuɓuce mata. Tun hantsi muke nema har la'asar. Wani direba ne ya tsince shi. Ya tambaye shi unguwarsu, ya ce kusa da babbar bishiya. Lambar uwarsa fa? Tana cikin wayar, wayar kuwa ta mutu. Tun ranar Khadiga ta ƙudurta ba za ta sake sakin hannunsa ba. Ni abin da na gani dabam ne: hannu yana kuɓucewa, waya tana mutuwa, abin da ke cikin kan yaro ne kawai ke binsa. Shekara biyu muka yi a Gadarif a ɗaki ɗaya, yaran ba fita. Muka dawo gida, ƙofa ta ci gaba da zama a rufe.

Sai na ƙulla dabara, irin ta masu aji huɗu. Wata Asabar na tafi da Muntasir kasuwar Umdurman sayen yaji. A tashar Shuhada na karɓe wayarsa, na kashe ta tare da tawa don kar a ɓata mini shiri, na ba shi kuɗin mota na ce ya tafi gida, ina da uzuri. Ya kalle ni kamar na sayar da shi. Niyyata in bi shi a baya ina ɓuya. Haja, mai tumbi irin nawa ba a halicce shi don ɓuya ba. Na laɓe bayan wata mai shayi, ta juyo ta ce, ya zol, wato kai malam, ko ka zauna ka sha ko ka matsa daga kan kofunana. Kafin in gama ba ta haƙuri, yaron ya shiga mota, mota ta tashi. Na faɗa motar da ke bayanta, ashe ba hanyarsu ɗaya ba.

Na sauka inda nake zaton na sani. Bishiyar dogon yaro da nake gane kwana da ita an sare, an yi girki da ita. Kantin magani ya ƙone. Tankin ruwa babu alamarsa. Awa biyu ina zagaye a rana, ina kiran sunan yaron a zuci. A ƙarshe na tare raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, na ce a kai ni gidana, sai ka ce baƙon da ya sauka daga Kano jiya.

Na tarar da Muntasir a tsakar gida yana shan godo-godo. Ashe ya wuce inda zai sauka, ya tsorata, sai ya tuna maganar kakansa da nake yawan ba su suna mini dariya. Ya sami wata tsohuwa mai godo-godo, ya gaishe ta da gurguwar Hausarsa, rabi Larabci, ya ce shi jikan Malam Badaru ne. Ta raka shi har kan layinmu, ta cika masa leda kyauta, ta kuma aiko a gaya mini ni sakarai ne. Khadiga ta isar da saƙon ba ragi, ta ɗora nata a kai.

Na ce mata ai ina bayansa taki-taki, sallah na tsaya yi. Ƙarya ce. Babu wanda ya san na ɓata sai mai raksha, sai ke, sai masu karatunki.

Lawal ya ce in rantse kawai, daga baya in yi kaffara. Ba zan yi wasa da Littafi ba. Kuma ba zan yi kiwon 'ya'yana a akurki ba. Na ga fuskar yaron nan ranar, wallahi kamar ya ƙara tsawo. Jiya Arwa ta saci wayar uwarta ta turo mini murya: Yaba, ni yaushe za ka ɓatar da ni?

Ina son matata, ina so ta dawo, amma ban yi nadama ba. Yaya zan yi?

Mai Agashen da Ya San Gari,
Umbadda

*

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi dariya, na kuma ji tausayinku ku biyu.

Kana da gaskiya a abu biyu. Yaron da bai san hanyar gidansu ba bai tsira ba, an ɓoye shi ne kawai. Kuma kada ka yi rantsuwar da ka san za ka karya. Ka gaya wa Lawal haka da ladabi.

Amma tsohuwar nan ba ta yi kuskure ba. Garin da ka yi yawo a cikinsa kana yaro ba shi ne wannan ba, kuma da ƙafarka ka tabbatar. Akwai gidajen da babu kowa a ciki, akwai ƙarafan yaƙi da ba su fashe ba, kuma ba kowace mai godo-godo ce ta dawo kwanarta ba. Sa'a ka yi ranar, ba dabara ba. Sannan ka kashe waya biyu a kan macen da ta taɓa yini a tasha tana kiran sunan ɗanta. Tsoron da ka ji na awa biyu, ita da shi take kwana tana tashi tun ranar da kuka gudu. Ba fitar yaron ce ta kore ta ba, yi mata a ɓoye da ka yi ne.

Ka haye kogin da kanka, kada ka aika kowa. Ka faɗa mata ka ɓata, ka faɗa mata ka yi ƙarya, ka kuma faɗa mata ka ji tsoro. Za ta yi maka dariya ko ta yi kuka. Ko wanne ya fi shirun da ke tsakaninku. Daga nan ka ba ta alkawarin da za ka iya riƙewa: babu inda yaro zai je ba da saninta ba.

Sauran kuma ku yi shi tare. Ku zaɓi hanya ɗaya, ku bi ta ku huɗu da rana, sau uku, ku gaisa da masu shago da masu gyaɗa har su san fuskokin yaran. Su haddace lambar wayarku da ta unguwa, a kuma rubuta a takarda a aljihu. Ba shiga kango, ba taɓa ƙarfen da ba a san shi ba. Waya ta zauna a aljihun yaro a kunne, uwa kuma ta daure kada ta kira sai lokacin dawowa ya wuce. Arwa ta fara da gidan burodi, kuma Khadiga ce za ta ce mata je ki, ba kai ba.

Idan ta ce ba yanzu ba, ka jira. Hannun da ya riƙe shekara biyu ba ya buɗewa rana ɗaya, kuma sai ta amince da kai kafin ta amince da titi.

Allah ya dawo maka da iyalinka lafiya, ya tsare yaran a fitarsu da shigarsu, ya zaunar mana da garin nan lafiya.

Haja Rahmatu