Ɗakin Bayan Gidan Tsohuwar Nas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Auta. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku zaman lafiya, Ya raya zuri'a, amin. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, amma ta koma gidan Yaya Babba, ta ce ba za ta zauna hawan benen nan nawa ya ƙarasa ta ba. Yanzu gidan daga ni sai firij, shi ma gurnani kawai ya iya.

Kin sha tambayata wane irin aiki nake yi a kwalejin nan tunda ba koyarwa ba ne. To, ɗaliban da suka rasa wurin kwana ake turo mana, kowanne a haɗa shi da ma'aikaci guda da zai bi lamarinsa har ya samu matsuguni. Wahalar ita ce kunya ba ta barin su faɗa. Ki tambayi ɗalibi ina yake zaune, ya ce miki wajen abokai, lafiya lau. Shi ya sa na daina wannan tambayar. Ni yanzu cewa nake yi, in an yi wanki ina ake shanya? Mai ɗaki ba ya tsayawa tunani kafin ya amsa.

Da haka na gano wata 'yar ajin ƙarshe da muke kira Mai Jaka, saboda wata ƙatuwar jaka da ba ta rabuwa da ita. Malaminta ne ya turo ta don yawan gyangyaɗi a aji. Da na yi mata tambayar shanya sai ta zuge jakar ta nuna mini jiƙaƙƙun kaya a cikin leda. Ashe gidan da suke haya aka sayar, abokan zamanta suka watse, ita kuma ta koma kwana a ɗakin karatu, bayan wata kantar littattafai da ba mai leƙawa. Ta ce ba ta gaya wa mahaifinta ba, don da ma da ƙyar ya bari ta zo. In ya ji, cewa zai yi ta tattaro ta dawo gida, karatu ya ƙare ke nan ana dab da gamawa. Ga shi hutu ya matso, za a garƙame ɗakin karatun.

Auta, ɗakinki yana nan a share, da gadonki da labulenki, ba mai kwana. Na je na samu shugabanmu da maganar in sauke ta a ciki, ya ce dokar aiki ta hana ma'aikaci kai ɗalibi gidansa ko ba shi lambar wayarsa. Na san dokar ba ta rasa dalili, amma ranar ji na yi kamar in kifa masa teburinsa a ka. Na dai haɗiye, mai nema ba ya fushi. Na shiga unguwanni da ƙafa ina ƙwanƙwasa ƙofofi har dugadugan takalmina suka cinye. Ita kuma kullum da rana sai ta zo ofis jin inda aka kwana, in buɗe kular abincina mu ci tare, tana ba ni labarin malamansu tana kwaikwayon tafiyarsu. Ba zan ɓoye miki ba, na saba da ita.

A ƙarshe muka dace da wata tsohuwar nas mai ɗaki a bayan gidanta. Sai dai ta kafe, ta ce ba ta ba budurwa ɗaki sai wani babba ya tsaya mata. Na miƙa mata wasiƙar ofis, ta ture ta gefe, ta ce takarda ba ta ɗaga waya in yarinya ta kwanta ciwo, mutum take so. Na dubi Mai Jaka, kanta a sunkuye, ba ta da wanda za ta ambata. Sai na ce a kira ni, ko zazzaɓi ne ko ciwon kai, na ba tsohuwar lambata. Ai ɗalibi doka ta hana a ba lamba, ita kuwa tsohuwar nan har ta yi jika.

Yarinya ta tare kafin a rufe kwaleji, an dawo daga hutu tana cikin aji, shugaba ya ce lamarinta ya kammala. Tun daga nan ba ta sake leƙo ni ba, kuma a aikinmu wannan shi ake kira nasara. Wayar nan na ƙure mata sauti, ina ajiye ta gefen faranti in zan ci abinci. Tsohuwar ba ta taɓa kira ba, wato yarinya lafiyarta ƙalau. Na gode wa Allah, amma wallahi kaɗaici ya ishe ni. Ke ma ki riƙa kirana, Auta, ko ba abin da ya faru.

Ki gaida maigidanki, da takwarar Inna, da tagwaye, da surukarki. Inna da Yaya Babba da Gwaggo suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki