Lambar Nusaiba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Tasha ta cika yau. Tun safe nake rubuta sunayen fasinjojin Tsafe da lambobinsu har hannuna ya gaji. Bashiru ya zo ya zauna a bencina. Wai Nusaiba, matar da ya saki bara, ta canja layi, shi kuma yana son jin lafiyar 'yarsu. A Tsafe take koyarwa, kullum da safe motarmu take shiga daga nan Gusau. Na buɗe takarda na karanto masa lambarta. Tun firamare muke tare, me zan ce masa?

Laraba, 8 ga Mayu
Bashiru kuma. Tsaye bayan mai shayi, idonsa a kan ƙofar tasha. Ko gaisuwa babu.

Talata, 14 ga Mayu
Nusaiba ta tsaya a teburina. "Malam Mu'azu, don Allah wa ke ganin takardar nan in an rubuta?" Na ce ba kowa. Haka kawai bakina ya faɗa. Ta nuna mini wayarta: kira talatin da bakwai a yini ɗaya. Saƙo guda na karanta. Ya faɗi kalar hijabin da ta sa jiya, da kujerar da ta zauna a mota. Na ce Allah ya kyauta. Ni ɗin!

Juma'a, 17 ga Mayu
Na tare Bashiru bayan an sauko masallaci. Dariya ya yi. "Tawa ce ko na sake ta. Mi ya shafe ka?" Ga farar shadda, ga turare, ga carbi a hannu.

Litinin, 20 ga Mayu
Ya aikata. Yahaya direba ne ya dawo da labarin. Bashiru ya bi motar da Nusaiba ta shiga a kan mashin har Tsafe. Tana saukowa ya fizgi hijabinta, ya yi ta marinta har bakinta ya fashe, ta faɗa kwata. Maza cike da wurin. Wani ma waya ya ɗaga yana ɗauka. Sai wata tsohuwa mai awara ce ta shiga tsakani da matsaminta. Yahaya na ba da labari yana ɓarar gyaɗa, ana ta kwasar dariya a kan tsohuwar.

Shugaban tasharmu ya ce maganar miji da mata ce, kada wanda ya sa baki. Wane mijin? Tir da mu.

Talata, 21 ga Mayu
Ba ta zo ba.

Alhamis, 23 ga Mayu
Mahaifinta, Malam Yahuza, ya zo daga Furfuri, tsoho da ƙurar gona a ƙafarsa. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, sun ce ya kawo wanda ya ga Bashiru na bibiyarta. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Kowa bai gani ba. Mutanen da suka san kowace akuya da ta ratsa tashar nan! Da ya iso kaina na duƙufa a takarda, na ce aiki ya yi mini yawa. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Gara da zagina ya yi.

Litinin, 27 ga Mayu
Na biya ta ofishin 'yan sanda. Ba wai na shirya ba ne, dama can hanyata ce. Na faɗi ranakun da na ga Bashiru a tasha. An tambaye ni inda ya samo lambar, na faɗi wannan ma. Ɗan sandan ya ajiye biro ya dube ni. Nusaiba da mahaifinta na gefe, leɓenta har yanzu a kumbure.

Bashiru ya kira sau shida. Na san gobe innarsa za ta zo wurin tawa innar.

Ɗazu a bakin ƙofar ofishin Malam Yahuza ya miƙo mini hannu, alhali ya ji komai. Na daɗe ina kallon hannun kafin na kama.