Sunan Elam da Ƙofar Gonata

Ni Orville Tackett na Tennessee, da hankalina garau nake wannan magana, ko da yake surukina Vernon na yawo yana cewa na fara ruɗewa. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata Lurleen ke rubutawa, kuma sai ta karanta mini sau biyu kafin in sa hannu.

Shekara ashirin da shida ke nan, duk kaka, masu wasan yaƙin basasa ke taruwa a filin dagan da ke bayan gonata, su sa kayan sojan da, su yi ta ƙona albarushi. Kowace shekara sai an ba wani ƙato sunan kakan babana, Elam, ya yar da bindiga ya ruga rafi, 'yan kallo suna kwasar dariya. Kakata ta ce ruwa ya je ɗebo wa ƙanensa da aka harba. Da gora a hannu aka tsinci gawar Elam.

Na ɗaya. Hoyt ɗana, gona taka ce. Ƙofar da suke son shigo da igwa ta cikinta, kada ka buɗe sai sun cire wannan gudun daga wasansu. Za su zo da kek da murmushi. Ci kek ɗin, bar makulli a aljihu.

Na biyu. Ardith 'yata, gorar Elam taki ce. Kada ta kwana inda mijinki Vernon zai gan ta. Tun da aka naɗa shi kanar ɗin wasa yake cewa, “Baba, kawo mu adana maka ita a gilashi.” Ba wa kura ajiyar akuya ke nan! Su Pruitt, danginsa, sun yi shari'ar iyaka da ubana sun faɗi. Ban ce su suka tsara gudun ba. Ban kuma ce ba su ba ne.

Na uku. Ku biyu ku daina gaba saboda ni. Ranar Lahadi ku ci abinci a tebur ɗaya, har da Vernon, amma ku zaunar da shi nesa da kabad ɗin da gorar take ciki.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya haɗa kanku.

Ku kai wa shugabannin wasan takardar nan tun ina numfashi. Sun ce a rubuce yake cewa Elam ya gudu. A wace takarda? Wa ya rubuta? Yana wurin? Wani ya tako ƙofata ya amsa mini.