Osaka a Jirgin Kaya

Zuwa ga Rahamatu, sanyin asubar Bahar Maliya, dabinon Madina mai zaƙi har ƙwallo, inuwata a tsakar ranar Jidda,

Da riga ɗaya na shigo garin nan. Na yi dako a tashar jiragen ruwa har kafaɗata ta yi kanta, na koyi gyaran rediyo da kallo kawai, na nemo kafili, mai tsaya wa baƙo a hukuma, da ƙafata, na buɗe shago a unguwar Waziriyya. Babu wanda ya tallafe ni. Yau kuma ni za a nuna wa yadda ake tafiya?

Kin tuna ranar da kika kawo wa babanki abinci tasha, kika tsaya gaban akwatunan Japan, kika ce rubutunsu kamar sawun kaji, kina son ganin garin da ake karanta shi? Ke kin faɗa kin wuce, ni tun ranar nake shiri. Jirgin da ke kawo motoci daga Osaka wayam yake komawa. Na yi ta bin kyaftin ɗinsa har ya ba mu ɗaki a arha. Na tanadi kilishi, dabino da garin kunu, don an ce nama can sai masu hali, kuma wa ya san yankansu? Na samo mana masauki mai sauƙi a Osaka inda ake kwana kan tabarma, yadda ni da ke muka tashi.

Sai ga yayanki Abdulghaffar, wai ƙanwarsa ba buhun shinkafa ba ce da za a loda a jirgin kaya. Wai a ɗaga aurenmu sai bayan Hajji, shi zai kai ki da kansa ta sama a matsayin muharrami, ni in biyo baya in na ga dama. In biyo baya! Ke kuma, ya farin watana, kika yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi maganarsa ƙona ni. Mafarkin da na yi wa dako, wani zai saya da tikiti?

Jirgin ruwa ba ya jiran alhazai. In ya ɗaga, shi ke nan, sai baɗi. Ki buɗe bakin nan naki mai zuma, ki roƙi Baba a ɗaura aurenmu kafin ya tashi. Zan riƙe ki a teku kamar yadda tudu ke riƙe rijiya.

Naki har Bahar Maliya ta ƙafe,
Yahya ɗan Adamu.

Haka za a rubuta shi, cikakke, a gurbin muharrami a fasfonki. Sunana, ba na Abdulghaffar ba.